Inshorar karaban: a daina sayen takarda don araharta

Da zarar sanyi ya fara ja da baya a Birtaniya, sai ka ga manyan hanyoyin da suka nufi Cornwall da Wales sun cika da motoci, kowace tana jan farin ɗaki mai taya a bayanta. Shi ne karaban, ɗakin tafi-da-gidanka mai gado da murhu da makewayi, wanda iyali ke fita hutu da shi. Tsohuwar al'ada ce a ƙasar, domin babbar ƙungiyar masu karaban tun 1907 aka kafa ta. Sabo mai kyau yakan haura fam dubu 20. Amma mutumin da ya yi wata uku yana zagaya dillalai kafin ya zaɓi ɗakin, idan aka zo batun inshora minti goma ya ishe shi. Zai buɗe shafin kwatanta farashi a intanet, ya danna na saman jeri, ya rufe kwamfuta yana murna ya yi riba. Kowa haka yake ba kowa shawara: duk inshora ɗaya ce, ɗauki mai sauƙi. Ni kuwa na ce wannan shawara cuta ce, kuma talaka take fi kayarwa.

Na ga abin da idona. Wani maƙwabcina, dattijo da ya yi ritaya daga tuƙin bas, ya zuba kuɗin sallamarsa ya sayi karaban. Wata safiya ya fito ya tarar da filin ƙofar gida wayam. Ya kira kamfanin inshorarsa da ƙwarin gwiwa, tunda bai taɓa fashin biya ba. Tambayar farko da aka yi masa ita ce ko a daren ya ɗaura wa taya marin ƙarfe, ya kuma sa kwaɗo a bakin ƙugiyar ja. Kwaɗon ya sa shi, marin kuwa yana cikin gareji. Takardarsa ta ce dole a haɗa biyun duk lokacin da aka bar ɗakin babu kowa. Ko sisi bai samu ba. Sharaɗin yana rubuce tun ranar farko, kuma shi ne dalilin arahar. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, haka ma inshora, sai ranar neman diyya ake sanin abin da aka saya.

Akwai kuma masu cewa ai doka ba ta tilasta inshorar karaban ba, ta mota ta wadatar. Rabin maganar gaskiya ce. Doka ba ta tilasta ba, kuma inshorar mota galibi tana biyan wanda ka yi wa ɓarna a hanya muddin ɗakin yana maƙale da motar. Shi ɗakin fa? In ya kife, in ya ƙone, in aka sace shi, a mafi yawan takardun mota wannan asararka ce kai kaɗai. In kuma ka kwance shi a sansanin hutu ya gangara ya danne tantin wani, ka shiga wata rigimar dabam. Ga shi tun 16 ga Disamban 2021 aka soke jarrabawar jan tirela ta musamman a Ingila da Sikotland da Wales, mai lasisin ƙaramar mota yana iya jan abin da ya kai kilo 3,500. Wanda bai taɓa jan ko amalanke ba yau yana iya hawa babbar hanya da ɗaki guda a bayansa, iska tana kaɗa shi. Irin wannan direba ne ake ce wa ya tsuke aljihu a kan inshora.

Abin da shafukan kwatanta farashi ba sa sawa a manyan haruffa shi ne yadda za a ƙiyasta diyyar. Wata takardar za ta ba ka sabo a madadin wanda ka rasa, amma da iyakar shekaru: wasu kamfanoni sukan tsaya a shekara 5, wasu su kai 10 ko fiye. Wata kuma kuɗin da tsohon ɗakinka zai yi a kasuwa ranar da ya salwanta kawai za ta biya. Tazarar da ke tsakaninsu dubban fam ce, alhali bambancin kuɗin shekara bai taka kara ya karya ba. Sannan ga kason da za ka fara biya daga aljihunka kafin kamfani ya sa hannu. Ɗaga shi sama ita ce hanya mafi sauƙi ta sa farashi ya yi kyau a allo. Rumfar da ake kafawa a gefe, tukunyar gas, talabijin, kekunan yara, kowanne sai ka bincika ko yana ciki. Danshin da ke ratsa bango a hankali, wanda shi ne babban ciwon karaban, yawancin kamfanoni tsufa suke ɗaukarsa, ba sa biya.

Masu karaban na girke, wanda ba ya motsi daga sansani, nasu ya fi tsanani. Dubbai suna jere a gaɓar Lincolnshire, wajen Skegness da Mablethorpe, ƙasa ce mai kwari a bakin teku. A Fabrairun 1990 teku ya fasa katanga a Towyn da ke arewacin Wales, aka kwashe mutane kusan dubu 5, yankin kuwa cike yake da sansanonin karaban. Wanda zai girke ɗaki a irin wannan wuri bai tambayi batun ambaliya ba, bai tambayi wa zai biya kuɗin kwashe tarkace da girka sabo ba, bai san ko an wajabta masa tsiyaye ruwan famfo kafin hunturu ba, me ya saya ke nan?

Na san za a ce rayuwa ta yi tsada, kuma kwatanta farashi ya hana kamfanoni cin karensu babu babbaka. Na yarda. Amma kwatance sai tsakanin abubuwa masu kama da juna. Mu da muka taso a Najeriya mun san inshorar da ake yanka don a nuna wa ɗan sanda a shingen hanya, ba don ranar tsautsayi ba. Abin baƙin ciki ne a ɗauki wannan ɗabi'a a ɗora kan dukiyar da mutum ya tara da gumin shekara talatin. Ga mai neman rangwame akwai hanyar halal: ya ajiye ɗakin a filin ajiya mai shaidar ƙungiyar CaSSOA, ya sa na'urar bin sawu, ya tabbatar lambar CRiS mai harafi 17, wadda ake yi wa karaban rajista da ita tun 1992, tana kan sunansa. Kuma ya faɗi gaskiyar inda ɗakin yake kwana, domin dokar inshora ta 2012 ta ɗora wa mai saye nauyin kula da amsoshinsa, amsar ganganci tana iya rushe yarjejeniyar gaba ɗaya.

Ɗan'uwa mai karaban, kafin ka sabunta inshorar bana, ɗauko takardar ka fara karanta shafin abubuwan da ba a biya. In akwai sharaɗin da ka san ba za ka iya cikawa kowane dare ba, kira kamfanin a canza shi, ko ka nemi wani ko da ya fi tsada.