Majalisar Amurka da NASA: wa ke riƙe da ma'auni?

Ranar 25 ga watan Disamban 2021 wata roka ƙirar Ariane 5 ta tashi daga Kourou, a yankin Guiana na Faransa, ɗauke da na'urar hangen nesa ta James Webb. Hotunan da na'urar ta fara aikowa a watan Yulin 2022 sun sa jama'a da dama sun manta cewa shekaru 10 kafin tashinta saura ƙiris majalisar dokokin Amurka ta soke aikin baki ɗaya, saboda kuɗin da yake lashewa.

Kusan dala biliyan 10 aikin ya ci wa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA. Labarinsa, da na rokar SLS da ta biyo baya, sun nuna iyakar tasirin dokar da ta wajabta wa hukumar ta riƙa yi wa 'yan majalisa bayani.

A ƙarshen shekarar 2005 ne shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan wannan doka, wadda aka kwaikwayo daga tsarin da ake bi wajen sa ido kan sayen makamai a ma'aikatar tsaro. Ta shafi duk aikin da jimillar kuɗinsa ta haura dala miliyan 250. Tun da farko NASA za ta miƙa wa majalisa ƙiyasin abin da za a kashe da ranar kammalawa. Idan kuɗin ƙira ya ƙaru da kashi 15 cikin 100, ko aka yi jinkirin watanni 6, wajibi ne shugaban hukumar ya sanar da kwamitocin majalisa. Idan kuwa ƙarin ya wuce kashi 30 cikin 100, bayan watanni 18 babu damar ci gaba da kashe kuɗi sai majalisa ta sake amincewa da aikin.

A rubuce dai doka ce mai tsauri. Amma dukkan lissafin ya rataya ne a kan ƙiyasin farko, kuma NASA ce da kanta take tsara shi.

A shekarar 2009 ƙiyasin da aka tsayar wa na'urar Webb ya kusan dala biliyan 5, da shirin harba ta a 2014. Shekara guda bayan haka Sanata Barbara Mikulski ta nemi a kafa kwamiti mai zaman kansa ya duba lamarin. Kwamitin, ƙarƙashin jagorancin John Casani, ya gano cewa fasahar ba ita ce matsalar ba. Kasafin ne aka gina kan lissafin da ba shi da tushe, kuma shugabannin hukumar ba su farga ba. Ke nan rahotannin da suka riƙa isa majalisa sun cika sharuɗɗan doka, amma ba su nuna ainihin halin da ake ciki ba.

A watan Yulin 2011 kwamitin kasafin kuɗi na majalisar wakilai ya ba da shawarar a soke aikin. Majalisar dattawa ta cece shi, bisa sharaɗin cewa kuɗin ƙira ba zai wuce dala biliyan 8 ba. Ba a rasa masu tunatar da cewa cibiyar Goddard da ke kula da aikin tana jihar Maryland ne, jihar da Sanata Mikulski ke wakilta a lokacin.

Wannan iyaka ta yi aiki na shekaru kusan 7, kuma hukumar ta shiga taitayinta a tsawon lokacin. Sai a 2018 aka samu kurakurai a masana'antar kamfanin Northrop Grumman, ciki har da ƙananan kusoshi da suka zube yayin gwaji. NASA ta sanar cewa tana buƙatar ƙarin dala miliyan 800. 'Yan majalisa sun kira shugabannin hukumar da na kamfanin sun yi musu tambayoyi masu zafi, sun rubuta takaicinsu a takardar kasafi, sannan a watan Fabrairun 2019 suka ɗaga iyakar. Da wuya a ga wata hanyar da za su bi, domin na'urar ta riga ta kusa kammala, kuma soke ta na nufin zubar da biliyoyin da aka riga aka kashe.

Batun rokar SLS, wadda aka ƙera domin mayar da 'yan sama jannati duniyar wata, ya fi wannan sarƙaƙiya. Majalisa ce da kanta ta umarci NASA ta ƙera rokar a dokar 2010, ta kuma so ta fara aiki kafin ƙarshen 2016. Ba ta tashi ba sai ranar 16 ga watan Nuwamban 2022.

A 2019 ofishin binciken kuɗin gwamnati da ke ƙarƙashin majalisa, wato GAO, ya ce ƙarin kuɗin da NASA ta bayyana, kimanin dala biliyan 1, bai kai gaskiyar lamarin ba, domin ainihin ƙarin ya kusan dala biliyan 1.8. Abin da ya faru shi ne hukumar ta ɗauke wasu ayyuka daga lissafin tafiyar farko ta mayar da su kan tafiye-tafiyen gaba, amma ta bar ƙiyasin farko yadda yake. An rage kaya, ba a gyara ma'auni ba, don haka ƙarin ya fito ƙarami a takarda. Babban sufeton NASA ya cimma irin wannan matsaya a watan Maris na 2020, kuma a watan Agustan shekarar hukumar ta sanar da majalisa cewa an ƙetare iyakar kashi 30 cikin 100.

Akwai kuma wata ɓarakar a cikin dokar. Ƙiyasin SLS ya tsaya ne a kan tafiyar farko kawai, don haka kuɗin ƙera rokokin da za su biyo baya ba su da wani ma'auni da za a gwada su da shi. A watan Maris na 2022 babban sufeto Paul Martin ya shaida wa majalisar wakilai cewa kowace ɗaya daga cikin tafiye-tafiye 4 na farko na shirin Artemis za ta ci dala biliyan 4.1, idan aka haɗa roka da kumbon Orion da kayan aikin ƙasa, abin da ya ce ba mai ɗorewa ba ne. A 2023 GAO ya ruwaito cewa manyan jami'an NASA da kansu sun amsa cewa farashin rokar ya fi ƙarfin hukumar.

Don haka ba za a ce majalisa ba ta sani ba. Tun shekarar 1990 GAO ya sanya harkar kwangilolin NASA cikin jerin fannonin gwamnati masu haɗarin ɓarnar kuɗi, kuma tun 2009 yake fitar da rahoto duk shekara kan manyan ayyukan hukumar. Matsalar ita ce mai sa ido yana da nasa rabon a cikin abin da yake sa wa ido. Ana gudanar da aikin SLS daga Alabama, ana harhaɗa gangar jikin rokar a Louisiana, ana gwada injinanta a Mississippi, ana ƙera rokokin da ke gefenta a Utah. Kowace jiha tana da sanatoci 2 da dubban ma'aikata masu jefa ƙuri'a, shi ya sa masu suka suke yi wa SLS laƙabi da rokar majalisar dattawa.

Masu kare shirin na cewa ƙera abin da ba a taɓa ƙerawa ba ba ya bin ƙiyasi, kuma Amurka ba za ta zura ido China ta riga ta kai mutane duniyar wata a wannan karon ba. Hujja ce mai nauyi, sai dai ba ta bayyana dalilin barin ƙiyasi yadda yake bayan an kwashe ayyuka daga cikinsa ba.

A watan Mayun 2025 gwamnatin shugaba Donald Trump ta ba da shawarar a dakatar da SLS bayan tafiya ta uku ta shirin Artemis. Watanni 2 bayan haka majalisa, bisa jagorancin Sanata Ted Cruz na jihar Texas, ta ware dala biliyan 4.1 domin ƙera rokokin tafiya ta huɗu da ta biyar.