Lissafin manomi: nawa ne kuɗin gawo?



Ran nan a cibiyarmu ta karatun manya, wajen darasin lissafi, na tambayi ɗalibai: nawa ne kuɗin gawon da ke tsakiyar gona? Wani dattijo ya ce: "Malam, in an sare shi an faskara, ya cika amalanke biyu." Ya faɗi kuɗin iccen, na rubuta bisa allo. Sannan na ce kowa ya faɗi abin da gawo ke ba shi yana tsaye.

Nan magana ta yi yawa. Gawo da damana yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen ya ruɓe ya zama taki. Bisashe su sha inuwa da rani, su bar kashinsu nan. Kowa ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili kauri. To, nawa ne buhun takin zamani a kasuwa? Muka rubuta. Wani makiyayi ya ce 'ya'yan gawo ke riƙe mishi tumaki in ciyawa ta ƙare. Nawa zai kashe wajen dusa in babu su? Muka rubuta. Wata mace ta tuna mana iska: gonar da ba icce, rairayi ya rufe shuka, a sake sayen iri. Ni kaina na manta da wannan.

Kuɗin icce sau ɗaya ake karɓa. Sauran kuwa kowace shekara suna dawowa. Dattijon ya dubi allo, ya ce a shafe nashi.

Irin lissafin nan masana tattalin arziki ke yi wa ƙasa. Bayan farin 1984, manoman Maradi da Damagaram sun kama sassabin zamani, suna barin tohon kututture ya girma. Masu bincike sun ƙiyasta icce miliyan 200 bisa hekta miliyan 5. Ba wanda ya dasa su. A 2020 gwamnati ta fid da doka mai tabbatar wa manomi haƙƙinsa bisa iccen da ya rena a gonarsa.

Amma har yanzu akwai masu sara cikin dare. In an kama su, sau da yawa kuɗin amalanke ake biya. A ganina an cuci mai gona, don takinsa na shekaru aka sare.

Bana, in Allah ya kai mu kaka, ku auna taki 20 gindin gawo da taki 20 a fili, ku ƙidaya damman kowane, ku rubuta cikin littafinku. Ku kawo mu gwada a cibiya.