Zancen Wata: Tsoho ya fito kaso, ina za shi?



Yau zancenmu kan tsofaffin da suka daɗe cikin gidan kaso ne. Wani ya shiga da ƙarfinsa bayan faɗan gona ko na rijiya. Yanzu furfura ta rufe kansa, idonsa ya rage gani, ko hauya ba ya iya ɗauka.

A Nijar shugaban ƙasa ke da ikon yi wa fursuna ahuwa, ko rage masa shekaru. An saba yin haka lokacin manyan bukukuwan ƙasa, kamar 18 ga Disamba. A watan Maris na 2020, da cutar korona ta shigo, Shugaba Isufu Mahamadu ya yi wa fursuna 1540 ahuwa. Cikinsu akwai tsofaffi, da masu ciwo mai daɗewa, da waɗanda wa'adinsu ya kusa cika. Ahuwa ta wanda alƙali ya riga ya yanke wa hukunci ce. Mai jiran shari'a ba ya ciki.

Ko manya sun ga wannan hali. Diori Hamani, shugabanmu na farko, an tsare shi a 1974. Bai sami cikakken saki ba sai 1987, zamanin Ali Saibu, yana da shekara sama da 70.

To, gwamnati ta buɗe ƙofa. Sauran aiki namu ne. Tsoho ya hau mota daga Maraɗi, ya sauka bakin hanya. Me zai tarar? Sau da yawa ɗakinsa ya faɗi, gonarsa tana hannun wani, bisashensa sun watse. Yara suna nuna shi da yatsa. Idan haka ne, ya fito wannan kaso ya faɗa wani.

Ga abin da ya kamata mu yi. Tun yana ciki, dangi su riƙa kai masa ziyara, ko da tiya guda ta gero. Kafin ya iso, maigari ya tara dattawa a duba zancen gonarsa, a mayar masa da haƙƙinsa. Samari su yi gayya su gyara masa ɗaki kafin damina. A kai shi likita ya duba shi. A ba shi aikin da zai iya, kamar tukar igiya ko tsaron awaki.

Kada kuma mu manta da gidan da aka yi wa laifi. Nasu ciwon bai warke ba. Liman da maigari su je musu tun da wuri, su saurare su, su nemi sulhu. Kada su fara ganinsa kwatsam a kasuwa.

Magabata sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.