Kaka ta yi: Wa zai kwana a gandun dajin Najeriya?

Da zarar damina ta ɗauke, kaka ta shigo, hanyoyin cikin daji kan bushe, koguna su ja baya. A irin wannan lokaci ne masu yawon buɗe ido ke fara shirin zuwa Gashaka Gumti, gandun daji mafi girma a Najeriya, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa. A can ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar nan. Mai son hawansa sai ya yi kwanaki yana tafiyar ƙasa, yana kwana a tanti, tare da masu gadin daji da 'yan dako daga ƙauyukan yankin.

Wani zai ce wannan shagalin masu hannu da shuni ne. Amma kowane baƙo da ya kafa tanti, ya bar kuɗi a hannun direba, mai abinci da ɗan jagora a garin Serti. Haka kuma dajin da ƙafa ke takawa kullum, ɓarawo ba ya sakewa a cikinsa.

Mun ga abin da sakaci ke haifarwa. Sambisa wurin adana namun daji ne kafin ya zama sansanin Boko Haram. Kamuku da ke Birnin Gwari ya daɗe yana zama mafakar 'yan bindiga, yankin Tafkin Kainji ma bai tsira ba. Da masu gadi suka janye, baƙi suka ɗauke ƙafa, sai miyagu suka gaje wurin, ɗan kasuwar da ke bin hanyar Birnin Gwari kuma ya biya farashin.

A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin gandun daji 10, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina. Sai dai suna a takarda ba ya tsare daji. Ana buƙatar ma'aikata masu horo, albashi a kan kari, hanyoyi masu kyau, da rabon da zai sa makiyaya da manoman kewaye su ɗauki dajin a matsayin nasu.

Ma'aunin nasara mai sauƙi ne: ranar da ma'aikaci daga Kano zai ɗauki iyalinsa su kwana a Falgore hankali kwance, ranar ce za a ce gwamnati ta karɓe dajin.