RA'AYINMU: Kada Waƙoƙin Da Muka Tashi Da Su Su Zama Kufai

Da wuya a sami mutumin da ya manyanta wanda ba shi da wata waƙa da ke taɓa masa zuciya. Wani da ya ji kotso sai ya tuna da mahaifinsa zaune a ƙofar gida, rediyo na gefen tabarma. Wata da ta ji amada sai ranar bikinta ta dawo mata sabuwa fil, har da zanen da ta ɗaura. Wani kuma waƙar Indiya ce, wadda bai san ma'anar ko kalma ɗaya a cikinta ba, amma da an sa ta sai ya ga kansa yana saurayi a ƙofar silima. Ma'aikatan asibiti ma sun daɗe da lura cewa tsohon da mantuwa ta kama, har ba ya gane 'ya'yansa, sau da yawa yakan bi waƙar ƙuruciyarsa daga farko har ƙarshe ba tare da tuntuɓe ba.

A wannan makon muna so mu ja hankalin masu karatu zuwa arewacin Jihar Zamfara, wato ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, domin a can wannan magana ta wuce ta hira. Akwai dubban mutane da suka baro ƙauyukansu ba da son ransu ba, waɗanda abin da suka tsira da shi daga gida bai wuce kayan jikinsu da waƙoƙin da ke cikin kansu ba. A ganinmu waɗannan waƙoƙi dukiya ce da ke gab da salwanta, kuma akwai abin da za a iya yi a kai tun yanzu.

Kamar yadda kowa ya sani, wannan yanki ba baƙo ba ne a fagen kiɗa da waƙa. A garin Tubali na ƙasar Shinkafi aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, mai Bakandamiya, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960 amma har yau malaman jami'a ba su gama tsefe maganganunsa ba. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, iyaka ta ratsa tsakanin garin makaɗin da fadar ubangidansa, Isa ta tsaya a Sakkwato, Shinkafi ta koma Zamfara, amma ba mu taɓa jin wanda ya daina sauraren Narambaɗa saboda haka ba. Ƙasar Zurmi ta ba mu Kassu Zurmi, makaɗin maza, na 'yan tauri da mafarauta. Daga maƙwabta, ƙasar Maradun, ga Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, ga Sa'idu Faru. Ga kuma Amali Sububu, makaɗin manoma. Abin baƙin ciki shi ne, yaron da aka haifa cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce in ka ce masa Sububu, dajin 'yan bindiga zai faɗo masa a rai, alhali iyayensa gangar noma suke tunawa.

To, amma kunnen mutanen wannan yanki bai tsaya ga makaɗan gida kaɗai ba. Tun da layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, ya kuma zama matattarar baƙi. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu sun zo da faya-fayan garmahonsu, ta haka kiɗan hailaif irin na Rex Lawson ya shiga kunnuwan yaran da ke wasa a bakin tasha. A gidajen malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, muryar Jim Reeves ce ke tashi da safiyar Lahadi. A majami'u akwai tsofaffin da ba su buƙatar buɗe Littafin Waƙoƙi, lamba kawai za a faɗa su ɗauka, ga kuma Zumuntar Mata da tulunsu. A kasuwa makafi na rera Imfiraji na Aliyu Namangi, kowa na tsayawa ya saurara, ba a tambayar addinin mai jefa sadaka. Da azumi yara na tashe gida-gida. Rediyon Kaduna ya kawo Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge, shirin Zaɓi Sonka kuma ya sa mutumin ƙauye ya ji an ambaci sunansa da na garinsu a sararin samaniya. Bayan haka kaset ya zo da Muhammad Rafi da Lata Mangeshkar da Bob Marley. Da aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda a 1983, ɗalibai daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suka ƙaro nasu. Matasan yau kuma suna da Aminu Ala da Nura M. Inuwa a cikin wayoyinsu.

Saboda haka in ka tambayi mutum ɗaya daga wannan yanki waƙoƙin da ya fi so, kada ka yi mamaki in ya lissafa maka kotso da waƙar ibada da ta Indiya a numfashi guda. Wannan jerin nasa shaida ce ta irin zaman da aka yi. Yana nuna cewa an yi lokacin da Bahaushe da Bafulatani da Bayarabe da Ibo, Musulmi da Kirista, suka ci kasuwa ɗaya, suka ji kiɗan juna ta kan katanga, har wani ya haddace waƙar da ba ta harshensa ba. Yaran da suka buɗi ido cikin tashin hankali ba su ga wannan zama ba, kuma in ba a nuna masu shaidarsa ba, za su ɗauka haka duniya take tun fil azal.

Ba sai mun tsaya dogon bayani a kan abin da ya sami yankin ba. Harin ƙauyen Birane na ƙasar Zurmi a watan Fabrairun 2018 ɗaya ne kawai daga cikin masu yawa. An sace shanu, an yi garkuwa da mutane, an ɗora wa manoma haraji kafin su shiga gonakinsu, makiyaya da manoma duka sun yi asarar rayuka da dukiya. A watan Satumban 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a jihar, aka kuma rufe kasuwannin mako na wani lokaci, har da babbar kasuwar Shinkafi da ke jawo fatake daga Jamhuriyar Nijar. An yi ta lissafin asarar rayuka da ta dukiya, kuma ya kamata a yi. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne abin da ke mutuwa a hankali idan jama'a suka daina taruwa.

Dalili kuwa shi ne, yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a jikin aiki da taro suke rayuwa. Kiɗan noma sai da gayya. Waƙar gaɗa sai da dandali da farin wata. Waƙar niƙa da ta daka da ta daɓe sai da gida da mata a cikinsa. Kiɗan dambe da kokawa sai bayan kaka, lokacin da rumbu ya cika. Sarewar makiyayi sai da garke. Inda ba a zuwa gona sai da fargaba, inda ake ɗaura aure a gaggauce a watse kafin la'asar, inda 'yan mata ba su fita bayan magariba, wace rana yaro zai ji waɗannan waƙoƙi, balle ya koya? Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun yi sa'a, an ɗauki muryoyinsu. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun yi aikin da ya cancanci yabo wajen rubuta tarihi da waƙoƙin manyan makaɗa. Amma waƙar da tsohuwa ke yi wa jikanta, da kirarin manomin da ba a san shi ba sai a ƙauyuka uku, da waƙar da Zumuntar Matan wata ƙaramar majami'a suka ƙaga da kansu, ba su a kaset, ba su a littafi. Ranar da mai ita ya kwanta dama, ta tafi ke nan.

Mun san akwai masu cewa, ana kashe mutane kuna maganar waƙa? Muna girmama wannan magana, kuma babu shakka tsaron rai shi ne gaba da kome. Sai dai aikin tsaro na gwamnati ne da jami'anta, kuma ba za mu gaji da tuna masu ba. Shi kuwa wannan aiki da muke magana a kai ba ya hana wancan, kuma ba ya jira. Tsohon da ke zaune a kangon makaranta ko a gidan ɗan'uwa a Gusau yau, babu tabbacin zai kai ranar da za a koma gida.

Akwai kuma masu cewa ai kiɗa ma yana da hannu a ɓarna, tun da makaɗan maza sun daɗe suna zuga masu taurin kai. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba kuma za mu ce kowace tsohuwar waƙa abin koyi ce ba. A 'yan shekarun nan an ji waƙoƙin yabon shugabannin 'yan bindiga suna yawo daga waya zuwa waya. Amma wannan hujja ce a gare mu. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaro ba ya zama babu waƙa a bakinsa. In bai ji ana kambama manomin da ya cika rumbu, ko alƙalin da ya ƙi cin hanci, ko uwar da ta yi haƙuri da 'ya'ya ba, zai ji ana kambama mai bindiga, kuma ita ce zai tuna da daɗi in ya tsufa.

Ba mu ne farkon waɗanda suka shiga irin wannan hali ba. A 2012 masu ɗauke da makamai da suka mamaye arewacin Mali sun haramta kiɗa, makaɗa da yawa suka tsere zuwa Bamako da ƙasashen maƙwabta, can suka ci gaba da rera waƙoƙin garuruwansu har aka san su a duniya. A ƙasar Gini kuwa, tsakanin 2008 da 2013, an kwashe waƙoƙi fiye da 9,000 daga tsofaffin faya-fayan gidan rediyon ƙasar da ke Konakiri aka mayar da su cikin kwamfuta, da taimakon Babban Ɗakin Karatu na Ingila. Abin da aka yi a Konakiri ba ya gagara a Kaduna ko Sakkwato ko Gusau.

Don haka muna kira ga Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna da Rediyon Rima da Rediyon Zamfara da su duba ɗakunan ajiyarsu, su kwashe abin da ke kan tsofaffin faya-fayai da kaset-kaset zuwa na'urorin zamani. Zafi da ƙura da damshi ba su raga wa kaset, kuma injinan da ke juya su sai ƙara wuya suke yi.

Muna kira ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kwalejin Ƙaura Namoda da su tura ɗalibai, inda hanya ta ba da dama, zuwa wurin masu gudun hijira da suka taru a manyan garuruwa, su ɗauki waƙoƙinsu tare da sunan ƙauyen da kowace ta fito da lokacin da ake yin ta. A nemi izinin mai waƙa, a girmama shi, a kuma bar masa kwafi. In wata riba ta fito daga waƙoƙin makaɗan da suka rasu, a tuna da iyalansu.

Muna roƙon masu martaba sarakunan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da hakimansu da kada su bar makaɗan fada da na sana'a su watse saboda rashin abin sa wa a baka. Shugabannin majami'u da na masallatai da malaman makarantu su ma suna da nasu rabon, domin su ne suka san gidan da tsoho yake da wanda ya ajiye akwatin kaset.

Daga ƙarshe, babban aikin yana hannunka, ya kai mai karatu. Wayar da ke aljihunka tana ɗaukar murya. Ka zauna da kakarka ko mahaifinka, ka tambaye su waƙar da suka fi so, ka tambayi inda suka fara jin ta, da wanda suke tare da shi a ranar. Kada ka zaɓa masu, ko kotso ce, ko ta ibada, ko ta Indiya, ka bar su su rera. Za ka ji sunayen ƙauyuka da na mutane da labaran da ba ka taɓa ji ba, wataƙila kuma ka ga hawaye, kada wannan ya sa ka tsaya. In ka gama, ka tura wa 'yan'uwa a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya kawo zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya mayar da kowa gidansa, a sake jin gangar noma a gonakin Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda. Amin.