Abin da Ya Mutu a Kwalba Bai Mutu a Ƙirji Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kamar yadda aka saba, domin in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna bayanin wata magana da masu tallar magani suka ɗauka suna yawo da ita a kasuwannin Auyo da Haɗejiya. Cewa suke yi wai masana sun gwada ganye kaza, ya kashe ciwon daji na huhu. Jama'a, a ina ya kashe shi?

A shekarar 1972 wani masani a Amurka, D. J. Giard, da abokan aikinsa suka ɗebi tsoka daga huhun wani Bature mai shekara 58 wanda ciwon daji ya kama. Suka rabe ƙananan ƙwayoyin da aka gina tsokar da su, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, suka sa su cikin kwalba da ruwan abinci, a ɗumi irin na jikin mutum. Suka sa musu suna A549. To, ƙwayoyin nan ba su daina haihuwa ba har yau. Cikin kamar yini da dare sai su ninka. In kwalba ta cika a ɗiba a zuba a wata, kamar yadda manomin fadama ke cire dashen shinkafa ya kai wata gona. Wanda ba a bukata a daskarar, a ajiye shekaru. Ta haka naman mutum guda ya bazu ɗakunan bincike na duniya.

Amfaninsu ba kaɗan ba ne. A kansu ake gwada sababbin magunguna, ana renon ƙwayoyin mura a cikinsu, ana duba ɓarnar da hayaƙin taba da ƙura ke yi wa huhu. Ko a annobar korona ta 2020 an yi aiki da su, bayan an yi musu wani gyara.

Amma fa kwalba ba ta da hanta, ba ta da ƙoda, ba ta da jini. In ka zuba wa ƙwayoyin nan gishiri mai yawa su ma mutuwa za su yi, ba kuwa wanda ya ce gishiri maganin daji ne. Abin da ya yi aiki a kwalba sai an gwada shi ga dabbobi, sa'an nan ga mutane kaɗan, sa'an nan ga masu yawa, a san ko yana isa huhu, ko kuwa zai fara lalata hanta. Mafi yawan magungunan da suka kama wannan hanya a kanta suke faɗuwa. Mai talla ya ɗauki matakin farko ya mai da shi na ƙarshe, mara lafiya ya sayar da buhun shinkafarsa ya saya, watanni suna wucewa.

Ga mu da masu bandar kifi da matan da ke wuni bakin murhu, tari ba baƙonmu ba ne. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu, balle in da jini ko rama, a kai shi Babban Asibitin Haɗejiya a gwada majina, gama sau da yawa tarin fuka ne, shi kuwa yana warkewa. In ba shi ba ne, likita ya san hanyar Asibitin Malam Aminu Kano. Ku da kuke karanta wa mutane wasiƙu, ina roƙonku ku karanta musu wannan ma.

Naku,
Akawu, Auyo.