Wa Ya Ba Ka Mabuɗin Wuta?

Yau ba tatsuniya na kawo muku ba. Faɗa na zo yi, da mutum biyu kuwa zan yi shi. Wanda ya ji an taka shi ya daure ya karanta har ƙarshe, sa'an nan ya ɗauki alƙalami ya rama.

Ran nan da la'asar ina zaune rumfar wani mai shayi a Ƙauran Namoda, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, sai na ji samari uku suna gardama. Ɗaya Kirista ne, kakansa ya zo da aikin reluwe sa'ad da hanyar jirgi ta iso garin cikin 1929. Ɗaya Musulmi ne, mutumin Zurmi. Waɗannan biyu suna ta ja-in-ja a kan wanda zai shiga Aljanna. Na ukunsu, wani siririn yaro daga wajen Shinkafi, yana riƙe da ɗan littafin Turanci, ya bari sai da suka gaji, kana ya yi dariya ya ce, "Ku kuna faɗa a kan gadon da ba a bari ba. Ba Aljanna, ba wuta, ba kuma wanda ya yi su."

Rumfa ta yi tsit. Wani ƙato da ke gefe ya ajiye kofinsa, ya miƙe ya ce a nemo taya da fetur. Ba don mai shayi dattijo ba ne, ya tare ƙofa ya ce, "Wallahi ba a taɓa baƙo rumfata," da yau wani labari na ke ba ku.

To, da yaron nan zan fara, domin nasa faɗan shi ne ƙarami.

Na karɓi littafin na duba. Lacca ce da wani Bature masanin lissafi, Bertrand Russell, ya yi a London ran 6 ga Maris 1927, inda ya bayyana abin da ya hana shi zama Kirista. Hujjojinsa da dama, amma wadda ta kama yaron ita ce ta wuta. Russell ya ga Linjila ta nuna Annabi Isa, wanda Kiristoci ke kira Yesu Almasihu, yana gargaɗi da azaba marar ƙarewa, shi kuwa a ganinsa mai tausayi na ainihi ba zai yarda da irin wannan azaba ba. Ya kuma ce tsoro ne tushen addini. Da Kiristoci ya ke, amma yaronmu ya ga takalmin ya yi wa kowa daidai, ya ɗauko ya sa wa Musulmi ma.

Ya kamata ku san abin da a ke sukar, domin na lura 'yan makarantar Gwamnati ba su san abin da Kirista ya gaskata ba, na Mishan kuwa da yawa rabi suka sani. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, ba abin da ke ɓoye. Kirista ya gaskata matattu za su tashi, za a yi shari'a. A Linjilar Matiyu, sura ta 25, an kwatanta ranar da makiyayi mai ware tumaki daga awaki. Ku lura da abin da a ke tambaya a wurin: wa ya ciyar da mayunwaci, wa ya sauki baƙo, wa ya tufatar da huntu, wa ya gai da marar lafiya da ɗan kurkuku. A Luka, sura ta 16, ga wani mai arziki yana ƙuna, ga Li'azaru matsiyaci da ya kwana ƙofarsa yana hutawa wurin Ibrahim. Ba a ce mai arzikin ya yi gardamar tauhidi ba. Tsallake mayunwaci ya riƙa yi kullum in zai shiga gida. Ita kalmar Jahannama, wadda mu da su duka mu ke faɗi, asalinta sunan wani kwari ne a gefen birnin Ƙudus, kwarin Hinnom. Bayan wannan Kiristoci sun rarrabu. Katolika sun ce akwai wurin tsarkakewa ga wanda ya mutu da saura-saura, Furotesta sun ce babu. Waɗansu malamansu sun ce wutar ba ta ƙarewa, waɗansu sun ce mugu hallaka zai yi ya shuɗe, kaɗan kuma tun zamanin da suka sa rai rahama za ta game kowa a ƙarshe. Watau tambayar Russell ba sabuwa ba ce, masu bi sun riga shi kwana da ita.

Na ce wa yaron, "Ɗana, daga ina ka ce ka fito?" Ya ce, "Ƙasar Shinkafi, Baba." Na ce to ai ba sai na kai ka London ba. Kai ka san gonakin da aka bari ba shuka, ka san yadda aka rufe kasuwannin mako da layukan waya a Zamfara cikin 2021, har kasuwar Alhamis ta Shinkafi, wadda fatake ke zuwa tun daga ƙasar Nijar. Ka ji yadda 'yan bindiga suka faɗa makarantar 'yan mata ta Moriki, ƙasar Zurmi, cikin 2019. Ka ji motar matafiya da aka cinna wa wuta da mutane ciki a ƙasar Isa, maƙwabtanku, cikin Disamba 2021. Nawa ne cikin masu wannan aiki suka tsaya gaban alƙali? In babu wata rana bayan wannan, to wanda ya ƙone da wanda ya ƙona sun tashi kunnen doki ke nan, ƙasa ta rufe su daidai wa daida. Je ka gaya wa uwar da aka kashe wa ɗa haka. Russell yana ganin wuta zalunci ce. Mutumin da aka kora daga ƙauyensa rashin hisabi ya ke gani zalunci. Ba tsoro kaɗai ya haifi maganar Lahira ba, akwai kukan wanda aka zalunta bai sami mai share masa hawaye ba.

Yaron ba wawa ba ne. Ya ce, "Baba, son abu ba ya sa abu ya kasance. Mai ƙishirwa a daji yana son rijiya, son nan ba ya haƙa ta." Na ce gaskiyarka, ko da ya ke ƙishirwar kanta shaida ce cewa an yi jikin nan don ruwa. Sai ya sake jefo wadda ta fi zafi. Ya ce, "Su waɗanda suka kore mu, ka taɓa jin ɗayansu ya ce babu Allah? Da Alƙur'ani su ke rantsuwa in an zo sulhu. Ni da na ce babu wuta ban taɓa satar ko akuya ba."

Nan na yi shiru, domin ban da amsa mai sauri. Wannan magana kuwa ita ta kai ni ga mutum na biyu, mai neman taya da fetur. Da kai na ke yanzu, da duk mai irin zuciyarka, ko masallaci ka ke zuwa ko coci.

Kai ka ce ka gaskata akwai Ranar Hisabi, akwai Alƙali wanda ba a ba shi toshi, ba a ɓoye masa kome. To, me ya sa ka ke gaggawa? Wanda ya tabbata alƙali zai zauna gobe ba ya fasa kurkuku da dare ya yanka wanda a ke tuhuma. Mai yin haka shi ne wanda a can cikin ransa ya ke shakkar zaman kotun. Yaron nan ya yi musun hisabi da baki, kai kuwa ka yi musunsa da hannu. Ban kafirta ka ba, ba ni da wannan iko. Amma ka gaya mini wa ya ba ka mabuɗin wuta.

Kada ku ce ina ƙara gishiri. Cikin Agusta 2016 a Talatar Mafara, nan cikin Zamfara, aka zargi wani ɗalibi da saɓo, aka yi masa dūka har aka zaci ya mutu. Wani mutum ya ɗauke shi ya kai asibiti. Taron ya juya kan gidan mai taimakon, ya sa wuta, mutum 8 suka mutu. 'Yan Mishan sun san labarin Basamariyen da ya tsinci wanda 'yan fashi suka sara ya yi jinyarsa. Ga shi an yi shi a ƙasarmu, sakamakonsa gobara. Ran 12 ga Mayu 2022 kuma, a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a Sakkwato, ɗalibai suka jefe 'yar'uwarsu ɗaliba, Deborah Samuel, suka ƙone gawarta, saboda maganar da ta aika ta waya. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. 'Yan makaranta ne fa suka yi wannan, masu riƙe da alƙalami kamarku.

Na san abin da za a ce mini: zagin Manzo ba abin wasa ba ne. Haka ne, ni ma ba na jurewa, kuma duk yaron da ya ɗauki cin mutuncin abin da mutane ke girmamawa shi ne wayewa, ban ga wayonsa ba. Amma zagi daban, tambaya daban, kuma ko zagin ne, akwai hukuma. Hadisi ingantacce ya hana azabtarwa da wuta, ya bar wannan ga Ubangijinta. Usama ɗan Zaidu ya kashe wani a fagen yaƙi bayan ya yi kalmar shahada, yana zaton tsoro ne ya sa shi, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tsananta masa ƙwarai, domin ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin zuciyar mutumin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta rubuce-rubuce yana yaƙar malaman da ke kafirta talakawa don sun kasa amsa tambayoyin tauhidi. Maguzawa kuwa sun zauna da amana a daular da ya kafa. A wajen Kirista, almajirai biyu sun so a sauko da wuta kan wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi saukarsu, Almasihu ya tsawata musu. Ya kuma ba da misalin gonar da ciyawa ta tsiro cikin alkama, mai gona ya hana barori cirewa kafin kaka, don kada su tuge alkamar tare.

Ko ta hannun hukuma ma, ku dubi abin da ya faru da Mubarak Bala, injiniya mutumin Kano. Da ya ce ya bar addini cikin 2014, sai aka kai shi wurin masu taɓin hankali. Aka kama shi a Kaduna cikin Afrilu 2020 saboda rubuce-rubucensa a Facebook, Babbar Kotun Kano ta ɗaure shi shekara 24 cikin 2022, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa 5 cikin 2024, aka sake shi. Kafin a kama shi mutum nawa suka san sunansa? Bayan an kama shi har Turai da Amurka an san shi. Ya fito kuwa bai canja ra'ayi ba.

Turawa sun riga mu gwada wannan magani. Cikin 1553 Furotesta na Geneva suka ƙone likita Servetus da ransa saboda ya musa Allah-uku-cikin-ɗaya. Cikin 1697 aka rataye wani ɗan makaranta a Edinburgh ta ƙasar Sikotilan, Thomas Aikenhead, yana da shekara 20, saboda ya yi wa Littafi ba'a a gaban abokansa, su kuwa suka ba da shaida a kansa. An tsare addini ke nan? A ƙidayar 2022, fiye da rabin mutanen Sikotilan suka rubuta ba su da addini. Igiya ta kashe yaron, ba ta amsa tambayarsa ba, tambayar ta yi ta yawo har ta cinye ƙasar.

Magabata ba haka suka yi ba. Ana ba da labarin Imam Abu Hanifa ya zauna da Dahariyya, masu cewa duniya ita ta yi kanta, ya kayar da su da misalin jirgin ruwan da ba mai tuƙi. Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda a ke rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, aka nuna masa. Toma ya ce sai ya gani da idonsa, ba a kore shi daga cikin almajirai ba. Saboda haka in abokinku a aji ya ce yana shakka, kada ku ruga ku tara masa jama'a. Ku tambaye shi me ya gani. Sau da yawa za ku tarar ba littafin Bature ne ya fara raba shi da imani ba, halin masu imani ne. In ba ku da amsa, ku ce ba ku da ita, ku je ku tambayi malami ko fasto wanda ba ya fushi da tambaya. Kai kuma mai shakka, ka san inda za ka buɗe baki, rumfar shayi ba ajin gardama ba ce.

Shi yaron, ni da mai shayi da abokan nan nasa biyu, Kiristan da Musulmin, muka sa shi tsakiya har tashar mota, muka sa shi cikin ta Gusau, domin ƙaton bai yi nisa ba. Cikin gaggawa ya bar littafinsa kan benci, bangon ya jiƙe da shayi. Yana wurina. In wannan shafi ya kai gare shi, ya aiko wa Edita takarda a haɗa mu, domin har yanzu yana bina bashin amsa a kan masu rantsuwa da Alƙur'ani, na kuwa yi ta tunani a kanta.